Wanda Ya Karkatar da Dardumar Liman

Masallacin sansanin ba masallaci ba ne tun asali. Kwantena ce ta ƙarfe da aka kawo tayoyin mota a cikinta. Da aka kwashe tayoyin, sojojin da ke salla suka roƙi Kwamanda ya bar musu ita, suka yanka mata tagogi biyu, suka rataya fanka, suka shimfiɗa tabarmin roba. Su goma sha tara ne, an turo su aikin shekara guda a ƙasar da ba tasu ba, kuma a wani fili da ko hasumiyar masallaci ba ka hangowa, balle ka ce ga inda mutanen gari ke fuskanta. Wayoyinsu kuwa doka ta hana a kunna musu abin nuna wuri. Sai aka tsaya cirko-cirko ana tambayar juna, to ina alƙibla?

A nan Kyaftin ya shigo. Shi ne matuƙin jirgi mai saukar ungulu na sansanin, matashi mai tsabta, mai zaƙin murya in yana karatu, kuma ya san da haka sarai. Ya je jirginsa ya ciro lambar da ke nuna saitin Ɗakin Allah daga inda suke, ya dawo da kamfas ɗinsa na hannu, ya tsaya a tsakiyar kwantenar ya ɗora shi a tafin hannu. Allura ta yi rawa ta tsaya. Ikon Allah, sai ga lambar ta faɗa ɗoɗar a kan dogon bangon, ko karkacewa babu. Jama'a suka yi kabbara, sahu biyu zai zauna cif.

Mutum ɗaya ne bai yi kabbara ba. Baba Sajan, makanikin jirgin, dattijo mai furfura da ƙaton tabon ƙuna a bayan hannu, shekara talatin yana kwance a ƙarƙashin jirage. Ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Yallaɓai, da za ka fito waje ka sake aunawa. Allura ba ta faɗin gaskiya a cikin ƙarfe."

Da a ce su biyu ne, wallahi da Kyaftin ya fita. Ai ya sani. A shekarar farko ta koyon tuƙi ake koyar da wannan. Amma ga idanun mutum goma sha bakwai a kansa, ga kabbarar da aka yi masa ba ta gama hucewa ba. Sai ya yi murmushi.

"Haba Baba. Ni da nake kai mutane gida a cikin gajimare ban ga ƙasa ba, yau ni za a nuna wa gaba da baya? Ka riƙe sifanarka, ka bar mini allurata."

Aka kwashe da dariya. Kuku, mai dafa wa sansanin abinci, har da dukan cinya. Baba Sajan ya sunkuya ya ɗauki takalmansa da butarsa, ya zagaya bayan rumfar jirage, ya shimfiɗa kwalin batir, ya jera duwatsu huɗu a gabansa, ya ta da salla shi kaɗai.

Haka aka yi wata huɗu.

A wata huɗun nan Kyaftin ya zama Liman. Har Dogo, mataimakinsa a jirgi, wanda shi ba salla yake ba, coci yake zuwa, Liman yake ce masa. Da asuba ya ja salla, ya sha shayi, ya tafi duba jirgi. Su kwashi buhunan shinkafa da jarkokin ruwa su kai wa ƙananan sansanoni, wani lokaci su dawo da mai rauni kwance a baya yana nishi. In sun sauka ƙura ta lafa, ya cire hular kwano ya sa farar hula, ya shiga gaba. Mahaifiyarsa da ta ji labari a waya sai da ta yi guɗa, ta kuma tabbatar babu maƙwabciyar da ba ta ji ba.

Baba Sajan kuwa ya zama abin nunawa da baki. Aka laƙaba masa Mai Alƙiblarsa. Wasu suka ce girman kai ne, ba zai bi ɗan cikinsa salla ba. Wasu suka ce ai wata aƙida ce ya ɗauko, a yi hattara da shi. A ɗakin cin abinci in ya ajiye farantinsa, sai ka ga benci ya yi fili. Dogo kaɗai ke zama kusa da shi, yana tsokanarsa yana satar masa kifin gwangwani. Kuma duk da haka, kullum da safe dattijon nan zai riga kowa zuwa jirgi, ya bi kowane noti da yatsa, ya leƙa mai, ya hau ya shafa farfela, sannan ya miƙa wa Kyaftin takardar sa hannu ya ce, "Lafiya lau yake, Yallaɓai. Allah ya kai ku ya dawo da ku." Bai taɓa fasa wannan addu'a ba.

Ranar da abin ya fashe, iska ce ta jawo. Suna dawowa da la'asar sakaliya, iska ta juya, dole suka shigo sansanin ta wata kusurwa da ba su saba ba. Kyaftin ya daidaita hancin jirgi, ya dubi agogon saiti, sai ya ga lambar nan da ya haddace, lambar alƙibla. Har ya yi murmushi, ya ce a ransa yau saukar tasa ma ibada ce. Sannan ya dubi ƙasa.

Ga bayan rumfa. Ga Baba Sajan a kan kwalinsa ya yi ruku'u, bayansa a miƙe daidai da hancin jirgin kamar an ja zare. Ga kwantena can gefe, bangon da suke fuskanta yana kallon wani waje daban. Ba ɗan karkacewa ba ne da za a ce a yi haƙuri. Ya kusa rabin kusurwa.

Jirgin ya ɗan yi tangal-tangal.

"Liman, lafiya?" in ji Dogo ta cikin abin kunne. "Ko barci kake mana a sama?"

"Iska ce," in ji Kyaftin.

Da suka sauka ya ce wa Dogo ya yi gaba, zai duba wani abu. Ya zauna shi kaɗai a cikin jirgi, zufa na bin bayansa, ya sake shigar da wurin Ɗakin Allah a na'urar nuna hanya. Kibiya ta nuna bayan rumfa. Ya fita fili, nesa da kowane ƙarfe, ya ciro kamfas. Bayan rumfa. Ya taka a hankali zuwa kwantena yana kallon tafin hannunsa, da idonsa ya ga allurar tana zamewa tana bin bangon ƙarfe tun kafin ya cire takalmi. Kunya ta lulluɓe shi har kunnuwansa suka yi zafi.

To, a nan ne fa mutumin kirki zai tara jama'a ya ce, 'yan'uwa, na yi kuskure. Magana ce ta minti biyu. Sallar da aka yi a baya ba ta ɓaci ba, shi da kansa ya san hukuncin, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya kuskure ba a ce ya rama. Ba Allah yake jin nauyi ba. Dariyar Kuku yake tunawa, da dukan cinyar nan, da yadda za ta juyo kansa. Matuƙin jirgi guda, a ce bai san ƙarfe na jan allura ba!

Sai ya yi dabara irin tasu ta matuƙa. In kana ɗauke da fasinja kuma ka ga ka saki hanya, ba ka fizgar jirgi, kana juyawa ne kaɗan-kaɗan yadda ba wanda zai ji a jikinsa. Washegari kafin azahar ya shiga masallaci ba kowa, ya sa ɗan yatsan ƙafa ya ture kan dardumar liman kamar faɗin yatsa uku. Jibi ya ƙara uku. Lissafinsa, in an yi wata guda, jama'a za su tsinci kansu a daidai ba tare da kowa ya san an taɓa yin kuskure ba. Kai, ɗan Adam!

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne Kuku. Kuku ne ladan, shi ke share masallaci, kuma mutum ne da ko cokali ya gani a karkace sai ya miƙar da shi. Kullum ya zo shara ya ga darduma ta kauce wa bango, ya ja tsaki ya mayar. Kyaftin ya ture, Kuku ya mayar. A rana ta biyar Kuku ya tsaya bayan sallama ya ɗaga hannu.

"Jama'a, akwai mai shigo mana masallaci yana karkatar da dardumar Liman. Kwana biyar ke nan ina gyarawa. Kuma ku duba ɓangaren da ake juya ta." Ya miƙa hannu ta taga, saitin bayan rumfa. "Sai na faɗi suna?"

Masallaci ya kaure. Wannan ya ce dama ya faɗa, wancan ya ce tsohon nan ya wuce gona da iri, bai bi mu ba kuma ba zai bar mu ba. Kyaftin na zaune a gaba, carbi a hannu, kansa a ƙasa. Ya buɗe baki. Abin da ya fito kawai shi ne, "A dai yi bincike, kada a zargi mutum ba hujja." Jama'a suka ce ka ji adalin shugaba, har wanda ya ci masa fuska yake karewa. Wannan yabon ya fi mari zafi.

Ya daina taɓa dardumar. Ya ci gaba da jan mutane salla zuwa inda ya san ba nan ba ne, yana ɗan karkata kafaɗarsa shi kaɗai kamar mai ciwon wuya. Abinci ya daina shiga. Ranar da Inna, mahaifiyarsa, ta kira shi da hantsi, tana ganin fuskarsa a waya ta ce, "Kai, ɗan nan, me ya same ka ka zabge haka? Ko nauyin limancin ne? Daure, Allah ne ya zaɓe ka. Jiya ma na ce wa ƙanwar babanka, ɗana ko a bakin daga shi ke gaba." Ya ce mata layin ba kyau, ya kashe. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da tafuka.

Zargi kuwa bai kwanta ba, ƙaruwa ya yi. Wani ya zubar da butar Baba Sajan. Wani ya watsar da duwatsunsa huɗu, dattijon ya tsince su ya sake jerawa. A rana ta goma Kuku ya tare Kyaftin a bakin rumfa da takarda a hannu, an buga ta da kyau, sa hannu goma sha bakwai a ƙasa. Ƙara ce zuwa ga Kwamanda, cewa Sajan makaniki yana haddasa rabuwar kai da fitinar addini a sansani, a ɗauke shi.

"Naka kawai ya rage, Yallaɓai. Kai ne hafsa, in babu hannunka ba za ta yi nauyi ba."

Kyaftin ya san abin da irin wannan takarda ke yi. Saura wata biyu Baba Sajan ya ajiye aiki. Shekara talatin ba a taɓa rubuta masa ko lattin fareti ba. Kalmar fitinar addini in ta shiga fayil ɗin soja ba ta fita, da ita za a sallame shi, a mayar da shi gida da rakiya kamar mai laifi, jikokinsa su ji.

"Bari in karanta tukuna," ya ce. Ya ninke ta ya sa a aljihun ƙirji.

Da ita ya tashi washegari. Baba Sajan ya miƙo masa takardar jirgi kamar kullum, ya yi masa addu'ar nan kamar kullum, Kyaftin ya sa hannu bai iya ɗaga ido ba. Suna sama, bayan sun sauke kaya sun juyo, Dogo ya yi ta satar kallonsa.

"Liman, ni fa ba ruwana da alƙiblarku. Amma tsohon nan, jiya na gan shi ya kasa cin abinci. Mutumin da kullum muke ɗora ranmu a kan notin da ya ɗaure." Sannan ya ƙara, "Kuma ranar Talata na zo wucewa ta tagarku, na ga wata ƙafa tana ture darduma. Ƙafar ba ta tsoho ba ce."

Kyaftin ya mayar da idonsa kan agogon saiti. Ya ji da ma jirgin ya yi ta tafiya kada ya sauka.

Da magariba Kuku ya yi kira, aka tayar da iƙama, sahu biyu suka daidaita. Kyaftin ya taka dardumar, ya ɗaga hannu zai yi kabbara, hannun ya tsaya a rabi. Ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Ni ne," ya ce. "Ni nake karkatar da dardumar. Alƙiblar da na ba ku ba daidai ba ce, ta Baba ce daidai. Ƙarfen kwantenar nan ne ya ja allurar, kamar yadda ya faɗa tun ranar farko, na mayar da shi abin dariya. Na gano, na ɓoye, na bar ku kuna zaginsa."

Ya ciro takardar ya yaga ta biyu. Ba wanda ya yi dariya, kuma sai ya ga ashe dariyar da ya yi ta gudu ta fi wannan shirun sauƙi. Kuku ya dubi hannunsa da ya nuna taga da shi, ya sunkuyar da kai. Kyaftin ya naɗe dardumar ya saɓa, ya fita ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka kwashi tabarmi suka bi shi.

Baba Sajan na tsugune a bayan rumfa yana ƙarasa alwala. Ya ɗaga kai ya ga mutum goma sha takwas sun nufo shi, ya miƙe da sauri yana riƙe da buta, don ya zaci abin ne ya zo. Kyaftin ya durƙusa a gabansa a kan tsakuwa, da kakinsa da taurarinsa.

"Baba, kai ne da gaskiya. Na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."

Dattijon ya ajiye butar a hankali.

"Tashi, Yallaɓai, hafsa ba ya durƙusa wa sajan. Wata huɗun nan na yafe tun tuni. Ba ka sani ba, kuma kowa na kuskure." Ya share ruwan gemunsa. "Amma ni ke duba na'urar jirginka bayan kowace sauka. Na ga wurin da ka shigar, na ga ranar. Tun daga ranar kullum in na miƙa maka takarda sai in ce yau zai yi magana. Kwana goma sha ɗaya, ɗana. Su ne ban san yadda zan yi da su ba tukuna."

Kyaftin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ashe duk safiyar da yake kauda ido, mutumin ya sani, kuma yana yi masa addu'ar dawowa lafiya. Hawaye suka zubo masa, bai ma yi ƙoƙarin sharewa ba.

"Baba, ka shiga gaba. Ni ban cancanta ba."

"A'a. Ni ban iya dogon karatu ba, kuma ban taɓa neman limancinka ba. Cewa na yi a fito waje a auna. Shiga, lokaci na wucewa."

Aka shimfiɗa darduma a bayan duwatsu huɗun nan. Sahu ya tsaya, Kuku ya matsa ya ba Baba Sajan wuri a bayan liman, dattijon ya tsaya bai dube shi ba. Can nesa Dogo na jingine da jirgi, ya cire hularsa.

Kyaftin ya yi kabbara. Ya gama surar farko, ya ɗauko wata gajeriyar sura da ya haddace tun bai kai shekara bakwai ba. A aya ta uku ta ɓace masa ɗungurungum. Ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa a wuri guda. Jama'a suka yi tsit, ba ka jin komai sai injin wuta can bayan ɗakin girki.

Sai wata murya ta tsufa, mai kaushi, ta karanto masa ayar daga bayansa a hankali. Kyaftin ya karɓa ya maimaita, ya ci gaba.